Yadda Ake Magance Matsalar Rashin Sauti Idan An Haɗa Kwamfutar Tebur da Akwatin Talabijin

Gabatarwa

Akwatin talabijin mai shafaffen allo ya zama abin da ake samu a ofisoshin ƙananan hukumomi, da makarantun sakandare, da ɗakunan shan magani, har ma da zaurukan wasu masu gari a kudancin Jihar Katsina. A garuruwa irin su Mahuta ta Ƙaramar Hukumar Kafur, da takwararta mai wannan suna ta Ƙaramar Hukumar Dandume, da sauran ƙauyukan ƙasar noma ta Funtua da Malumfashi, akan haɗa irin wannan akwati da kwamfutar tebur domin nuna wa jama'a fina-finan faɗakarwa a kan noma, ko kiwon lafiya, ko darussan makaranta. Dalili kuwa shi ne allon kwamfuta mutum uku ko huɗu kawai yake isa, amma talabijin yakan ishi zaure guda.

Matsalar da aka fi cin karo da ita wajen wannan haɗi ita ce hoto ya fito tangaran, ana ganin bakin mai magana yana motsi, amma babu sauti ko kaɗan. Ba mu ɗauki wannan a matsayin ƙaramar matsala ba. Dattawanmu da suka ga zamanin majigi za su tuna cewa motar majigi ba ta zuwa gari sai da lasifika da mai yin bayani da Hausa, domin tun a wancan lokaci an san hoto shi kaɗai ba ya isar da saƙo. Haka abin yake har yanzu. Idan malamin gona ya tara manoma domin ya nuna masu fim a kan tsutsar nan mai cin masara, wadda ta ɓulla a Najeriya a shekarar 2016, hoto zai nuna mutum yana zuba magani a tankin feshi, amma yawan maganin, da lokacin da ya dace a yi feshin, da gargaɗin rufe hanci da baki, duk a cikin magana suke. Manomin da bai yi karatun boko ba, ba zai karanta rubutun da ke ƙasan allo ba. Idan babu sauti, ya baro gonarsa a banza, kuma da wuya ya amsa kira na gaba.

Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, a mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace, ba a kwamfutar ba, ba a talabijin ɗin ba. Sauti yana da tasa hanya wadda ba lallai ta zama ta hoto ba, kuma yakan tsaya ne a ɗaya daga cikin wurare uku: a wayar da ta haɗa na'urorin, ko a cikin tsarin kwamfutar, ko a jikin talabijin. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya kai ga biyan kuɗin mota zuwa Funtua ko Malumfashi neman mai gyara.

Wayar da ta haɗa su

Kafin a taɓa komai a cikin kwamfuta, a leƙa bayanta a ga irin wayar da ta tafi zuwa talabijin. Rabin matsalar a nan take ƙarewa.

Idan kan wayar shuɗi ne mai faɗi, da fil 15 a jere layi uku, da ƙusoshi biyu na murɗawa a gefe da gefe, to wannan ita ce VGA. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a shekarar 1987, wato shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, kuma tun daga ranar har yau hoto kaɗai take ɗauka. Ko sabuwa ce fil, ko nawa aka saye ta, sauti ba ya bi ta cikinta. Saboda haka duk wanda ya ce wayar VGA ɗinsa ta daina kawo sauti, to bai lura ba ne, dama can ta wata hanya sautin yake zuwa. Maganin abin shi ne a nemo waya ta biyu, siririya, mai kai irin na abin sauraro na kunne a kowane ɓangare, wanda kaurinsa milimita 3.5 ne. A soka kai ɗaya a koriyar kafa da ke bayan kwamfuta, ɗayan kuma a ƙaramar kafar da ke kusa da ta VGA a bayan talabijin, wadda galibi aka rubuta mata PC Audio In ko Audio In.

A nan muna jan hankali a kan launin kafofin bayan kwamfuta, domin girmansu ɗaya ne, kuma a ƙarƙashin tebur inda babu haske kuskure yana da sauƙi. Koriya ita ce mai fitar da sauti. Mai ruwan hoda ta makirufo ce, shuɗiya kuwa ta shigar da sauti ce daga wata na'ura. A haska tocila a tabbata, kuma a tura kan wayar har sai ya shige gaba ɗaya, domin idan ya tsaya rabi sai a ji sauti a lasifika ɗaya, ko a ji kiɗa yana fita amma muryar mai magana ta yi nisa kamar daga cikin rijiya.

Akwai wani kuskure da ko masu ɗan sani sukan yi. Sai mutum ya ga kafofi biyu, ja da fara, a bayan talabijin, ya san na sauti ne, ya sayo wayar da ta dace da su ya jona, amma shiru. Abin da ya faru shi ne waɗannan kafofi na tashar AV ne, wato abokan tafiyar kafar nan mai ruwan ɗorawa, alhali shi talabijin ɗin yana kan tashar PC. Talabijin ba ya ɗauko hoto daga tasha ɗaya ya ɗauko sauti daga wata. Wajibi ne a yi amfani da kafar sautin da aka keɓe wa tashar da ake kallo.

Waya mai farin kai, wadda ta fi VGA faɗi, sunanta DVI, ta fito a shekarar 1999. Ita ma a asalin tsarinta ba ta ɗaukar sauti, don haka hukuncinta ɗaya da na VGA.

Wadda ke ɗaukar hoto da sauti a tare ita ce HDMI, mai siririn kai da fil 19, wadda aka fitar da tsarinta a ƙarshen shekarar 2002. Idan kwamfuta da talabijin duk suna da wannan kafa, ita ce zaɓi na farko, babu wata ta biyu. Sai dai da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su, irin su HP da Dell da Lenovo, ba su da HDMI. Abin da suke da shi wata kafa ce mai kama da ita, mai suna DisplayPort, wadda ta fito a shekarar 2006. Ana bambanta su da cewa HDMI kusurwoyinta biyu ne a yanke, DisplayPort kuwa ɗaya ce. Kada a tura wayar wannan a kafar waccan da ƙarfi. DisplayPort tana ɗaukar sauti, kuma akwai waya ko ɗan adafta mai juya ta zuwa HDMI.

Game da adaftoci, abu ɗaya ne ke jawo asarar kuɗi: kusan dukkansu hanya ɗaya suke aiki. Mai ɗauko hoto daga VGA ta kwamfuta zuwa HDMI ta talabijin daban yake da mai ɗaukowa daga HDMI zuwa VGA, ko da yake a ido kusan kamarsu ɗaya. Na farkon, wanda shi ne masu tsofaffin kwamfutoci ke bukata, yana zuwa da ƙarin wayoyi biyu: ta sauti wadda za a soka a koriyar kafa, da ta USB wadda ke ba shi wuta. Idan aka bar ta sautin tana lilo, hoto zai fito ba murya. Muna ba da shawara ga duk wanda za a aika kasuwa da ya ɗauki hoton bayan kwamfutar da na bayan talabijin da wayarsa ta hannu, ya nuna wa mai shago, ya kuma faɗa masa wanne ne mai bayarwa wanne ne mai karɓa.

Tsohon akwatin talabijin mai ƙaton baya, wanda kafofi uku kawai gare shi, shi ma ana iya haɗa shi ta hanyar ɗan akwatin da ke juya VGA ko HDMI zuwa AV. Ya isa kallon fim, amma ƙananan rubutu ba za su karantu ba.

Inda kwamfuta ke aika sauti

Idan an tabbata wayar HDMI ce ko DisplayPort, kuma har yanzu shiru, sai a dawo kan kwamfuta. Masu noman rani sun san ruwa magudanar da aka buɗe masa yake bi, ko da akwai wasu goma a gefe. Haka Windows take: tana iya sanin hanyoyin sauti uku ko huɗu, amma ɗaya take turawa, kuma ba kullum take zaɓen talabijin da kanta ba. Wata alama da ke nuna haka ita ce a kasa kunne kusa da akwatin kwamfutar a ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa tana fitowa daga ciki. Kwamfutocin ofis da yawa suna da 'yar ƙaramar lasifika a cikinsu, kuma can sautin ya tafi.

Hanya mafi gajarta, wadda ke aiki a Windows 7 da 10 da 11 baki ɗaya, ita ce a danne maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R. Ƙaramin akwati zai buɗe, a rubuta mmsys.cpl a ciki, a danna Enter. A shafin da aka rubuta wa Playback za a ga jerin hanyoyin sauti. Akwai wadda aka kira Speakers, wato koriyar kafa ko lasifikar ciki. Akwai kuma wadda ke ɗauke da sunan talabijin ɗin, kamar LG ko Samsung ko Hisense, ko kuma a ga an rubuta Digital Audio da HDMI a kusa. A ɗora linzamin kwamfuta, wanda aka fi sani da maus, a kan sunan talabijin, a danna maɓallinsa na dama, a zaɓi Set as Default Device. Alamar kore za ta koma kansa. A sake danna na dama a zaɓi Test, za a ji ɗan kiɗa a lasifikar hagu sa'annan ta dama.

Wannan shafi yana da wani amfani da ya fi zaɓen hanya, kuma shi muka fi so ma'aikata su koya. A gefen dama na kowane suna akwai ɗan tsani wanda ke cika da kore yana sauka idan sauti yana bi ta wannan hanya. A kunna fim a zuba masa ido. Idan tsanin da ke kusa da sunan talabijin yana motsi amma ba a jin komai, kwamfuta ta sauke nauyinta, a koma kan talabijin. Idan na kusa da Speakers ne ke motsi, ba a canza hanya ba tukuna, ko kuma manhajar da ke nuna fim ɗin tana riƙe da tsohuwar hanya, sai a rufe ta a sake buɗewa. Idan kuwa babu wanda ke motsi, to ko an kashe murya a cikin manhajar, ko fim ɗin ne ba shi da sauti, sai a gwada wani. A lura, wanda ya haɗa da VGA da siririyar waya, shi Speakers ne daidai a gare shi, kada ya canza.

Wani lokaci sunan talabijin ba ya bayyana a jerin. A danna maɓallin dama a fili inda babu rubutu, a sa alama a kan Show Disabled Devices da Show Disconnected Devices. Idan sunan ya fito dishi-dishi, a danna masa na dama a zaɓi Enable.

Idan har yanzu bai fito ba, ga dalilin da ya fi yawa a karkara. A duk lokacin da aka haɗa su, talabijin yakan aika wa kwamfuta ɗan bayani game da kansa ta cikin wayar: sunansa, da girman hoton da yake iya nunawa, da cewa yana da lasifika. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ko wutar ta yi ƙasa ta dawo, wannan gaisuwa takan katse, kwamfuta ta ci gaba da tura hoto ba tare da ta san akwai lasifika a gaba ba. Sai a kashe su duka biyu. A fara kunna talabijin, a sa shi a kan tashar HDMI da aka jona, a ɗan dakata, sa'annan a kunna kwamfuta. Wannan jeri, talabijin kafin kwamfuta, ya cancanci a rubuta shi a takarda a manna a jikin bango.

Saura dalili ɗaya, wanda ya fi waɗannan wuya kaɗan. Sautin da ke bi ta HDMI ba daga sashen sauti na kwamfuta yake fitowa ba, daga sashen hoto yake, kuma yana bukatar wata ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba, ta kamfanin Intel ko AMD ko NVIDIA, gwargwadon abin da ke cikin kwamfutar. Sau da yawa idan aka wanke kwamfuta aka zuba mata sabuwar Windows, akan bar ta da direban wucin gadi, wanda ke nuna hoto amma bai san sauti ba. Domin a gane haka, a sake danne maɓallin Windows da R, a rubuta devmgmt.msc, a buɗe layin Display adapters. Idan an ga Microsoft Basic Display Adapter, ko Standard VGA Graphics Adapter a Windows 7, to an samo bakin zaren. A kwafi lambar samfurin kwamfutar daga jikinta, a sauko da direban hoto daga shafin kamfanin da ya ƙera ta a duk inda intanet ke da ƙarfi, a zo da shi a filash. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, da Windows 10 a watan Oktoban 2025, saboda haka ofishin da ke amfani da tsohuwar kwamfuta ya adana kwafin direbobinsa da kansa, kada ya dogara da samunsu gobe.

Idan kuma sauti yana fita amma yana tsartsatsi, a danna na dama a kan sunan talabijin, a shiga Properties, sa'annan Advanced, a zaɓi layin da ke da 16 bit da 48000 Hz, wanda kowane talabijin mai HDMI ke karɓa.

A jikin talabijin

Wannan sashe ba shi da tsawo. A duba ko an danna maɓallin kashe murya a rimot, a ƙara ƙarar. A shiga saitin sauti a tabbata an zaɓi lasifikar talabijin ɗin kansa, ba ta waje ba, domin wanda ya taɓa haɗa shi da wata lasifika yana iya barin saitin a haka. A shafa gefe da baya ko an manta da kan wata waya a kafar abin sauraro na kunne, domin wannan yakan rufe lasifikun. A gwada wata kafar HDMI idan akwai. Domin a cire shakka, a koma tashar dish ko a soka filash mai waƙa: idan a nan ma shiru, laifin na talabijin ne. A kuma tabbata talabijin ne, domin allon kwamfuta babba yakan yi kama da shi, yana da HDMI, sunansa yana fitowa a jerin Windows, amma da yawansu ba su da lasifika ko ɗaya.

Gurnani, yankewa, da batun wuta

Idan ana jin wani gurnani mai kauri wanda ba ya tsayawa a ƙarƙashin magana, wannan daga wuta ne, kuma masu siririyar waya yake damu. Yakan faru idan kwamfuta tana jone a soket ɗaya talabijin a wani, ko idan wayar sauti ta kwanta a kan wayar wuta. A jona su biyun a wuri ɗaya, a raba wayoyin, a kuma gwada zare wayar dish ko ta eriya a ji ko gurnanin zai tsaya. HDMI ba ta gurnani, nata ciwon yankewa ne: murya ta ɗauke ta dawo, wani lokaci har allo ya yi baƙi na ɗan lokaci. Wannan alamar waya ce marar kyau, ko sako-sako, ko mai tsawo fiye da kima. Idan ta wuce mita 10, matsala takan fara. Gara a matso da kwamfutar kusa. A lokacin hunturu ƙura takan cika kafofin, sai a kashe wuta a goge da busasshen buroshi mai laushi, ban da ruwa, ban da tsinken ƙarfe.

Idan aka taɓa ƙarfen bayan kwamfuta aka ji yana ɗan ja, wannan ya wuce maganar sauti. Alama ce ta cewa ginin ko janaretan ba shi da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, kuma a irin wannan hali soka HDMI alhali na'urorin suna kunne yana iya ƙona kafar gaba ɗaya. A kashe su kafin a soka ko a zare, a kira mai aikin wuta ya duba, kuma kada a yarda wani ya karye ƙafa ta uku ta filogi da sunan maganin gurnani. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, a zare filogi da wayar dish.

Ga masu shirya taro

Lasifikun talabijin ƙanana ne, kuma a yawancin masu shafaffen allo ƙasa ko baya suke kallo. Sun isa ofis ko aji, amma a ƙofar gidan mai gari, ga ƙarar janareta ga iska, na layin baya ba zai ji ba. A irin wannan taro gara a bar wa HDMI hoto kaɗai, a ɗauki sauti daga koriyar kafa zuwa babbar lasifika ta taro, a mayar da zaɓin Windows kan Speakers. Lasifikar Bluetooth takan yi jinkiri, a ga baki ya motsa kafin murya ta iso, don haka ta waya ta fi. A kai janareta nesa iyakar tsawon wayarsa, a bayan gini.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A gwada haɗin tun jajibirin taro, da kwamfutar da talabijin da janaretan da za a yi amfani da su, da kuma ainihin fim ɗin da za a nuna, ba wani ba. Ya kamata kowane ofishi ya tanadi jaka guda mai wayar HDMI ta biyu, da siririyar wayar sauti, da batiran rimot, da filash mai direbobi, a kuma damƙa ta a hannun mutum ɗaya sananne.

Lokacin zuwa wurin mai gyara yakan zo ne idan an canza waya, an gwada kwamfutar da wani talabijin, an zuba direba, duk ba a dace ba, ko kuma an ga filolin cikin kafa sun lanƙwashe ko sun yi baƙi. Ko a nan ma, idan kafar HDMI ce ta daina ba da sauti amma tana ba da hoto, koriyar kafa da lasifikar waje za su riƙe aikin kafin a samu kuɗin gyara. Wanda zai tafi ya ɗauki akwatin kwamfutar da wayar da ake amfani da ita, tare da takardar da aka rubuta sunan talabijin da lambar samfurinsa da duk abin da aka riga aka gwada.